Kwamfutar ofis da ta koma ta gida da gem: sharhina kan OptiPlex 5060 da katin GTX 1650 a Birnin Kebbi

Duk wanda zai haɗa kwamfutar buga gem a garin nan, kafin ya tambayi ƙarfin katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hotunan gem a monita, gara ya fara tambayar yawan wutar da katin ke sha. Bidiyoyin da samarinmu ke kallo a YouTube, galibinsu an ɗauke su ne a ƙasashen da ba a san ɗauke wuta ba, cikin ɗakuna masu sanyi. Mu kuwa muna da bazarar da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga wutar da take zuwa lokacin da ta ga dama. Da wannan lissafin na sayi Dell OptiPlex 5060 na hannu, doguwar, na ƙara mata kaya uku. Ta ga hunturu ta ga bazara a gidana, shi ya sa nake ganin yanzu ina da bakin magana a kanta.

Aikinta a gidan ba ɗaya ba ne. Da safe ni ne a kanta da Excel, ina shigar da lissafin shinkafa shanshera da muke saye daga manoman fadama. Uwargida malamar makaranta ce, a nan take buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Ƙanena da ke zaune wurinmu yana gwajin tambayoyin JAMB, tunda tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma yaron da hannunsa bai saba da maus ba yakan ɓata lokaci a zauren jarrabawa. Bayan isha'i kuma sai gem ɗin bal, ni da shi da duk abokin da ya leƙo.

Na zaɓi 5060 ne saboda furosesar da ke cikinta, wato ɓangaren da ke gudanar da duk aikin kwamfuta, Core i5-8500, ta zuriya ta takwas, wadda ta fito a 2018. Ƙwaƙwalwa shida gare ta, tana kaiwa gigahaz 4.1 idan aiki ya yi nauyi, kuma wat 65 aka ƙayyade mata. A shagunan masu kwamfuta za a fi nuna maka 7020 ko 9020, masu furosesa ta zuriya ta huɗu, don sun fi arha kuma sun fi yawa a kasuwa. Suna aiki, ban ce ba sa yi ba. Amma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zuriya ta takwas ta fara karɓar irin waɗannan furosesoshi na Intel, tare da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar. Kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita, ake ajiye lissafin kuɗin mutane a cikinta, ba na son ta zauna babu sabunta tsaro. Ɗan bambancin kuɗin da ke tsakani ya cancanci a biya shi.

Doguwar nake nufi, ba siririyar ba. Siririyar nan da ake kwantarwa a ƙarƙashin monita ba ta ɗaukar katin hoto sai gajere na musamman, fawa-fak ɗinta, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ya fi ƙanƙanta, iska kuma ba ta samun wurin yawo a ciki. A garin da ake kwana a tsakar gida saboda zafi, wannan kaɗai ya isa dalili.

Abu na farko da na sa mata shi ne SSD, wato sabon nau'in ma'ajiyar bayanai mai sauri, kuma cikin kayan ukun shi ne wanda kowa a gidan ya ga amfaninsa, har wanda bai damu da gem ba. Ta zo da tsohon faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, wanda da ƙyar yake wuce megabait 150 a daƙiƙa. SSD na yau da kullum yana kaiwa wajen 550, irin na NVMe kuwa, wanda ake sokawa kai tsaye a madabod, wato babban allon da kayan ciki ke haɗuwa a kansa, ya ninka haka sau da yawa, kuma 5060 tana da gurbinsa. Na sa mai gigabait 512 don Windows da wasannin da aka fi bugawa, na bar tsohon faifan don hotunan biki da na suna da karatuttukan malamai da uwargida ke tarawa. Da, idan an kunna ta sai ka je ka dawo ba ta gama shiryawa ba. Yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe. Akwai kuma wata fa'ida da ta shafe mu musamman: SSD ba shi da wani abu mai motsi a ciki, saboda haka girgiza ko ɗan bugu ba ya cutar da shi kamar yadda yake cutar da faifai mai juyawa. Wanda kuɗinsa bai kai na komai ba sai abu ɗaya, ya sayi wannan.

Na biyu ram, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi. Ta zo da sanda ɗaya ta giga 8, na ƙara mata irinta, suka zama 16. Sanduna biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin furosesar tana ɗiba ta hanyoyi biyu a lokaci guda, muddin an sa su a gurbin da launin maƙallansu ya zo ɗaya. DDR4 take ci. DDR3 ba ya shiga, tsagarsa ba a wuri ɗaya take ba, kada wani ya ce maka a danna da ƙarfi.

Sai katin hoto, inda maganar take da tsawo. Ƙanena ya so RTX 3060. Cewa yake, "Yaya, wanga shi ne kowa ke magana, in za a yi a yi mai kyau." Ban musa masa kyan katin ba. Amma RTX 3060 shi kaɗai wat 170 yake sha, kamfanin Nvidia kuma ya ba da shawarar fawa-fak mai wat 550. Na cikin kwamfutata bai kai 300 ba, kuma ba shi da wayar da ake jona wa manyan katuna. Sa masa irin wannan kati daidai yake da ɗora wa jaki kayan tirela. Canza fawa-fak ɗin ma ba abu ne mai sauƙi ba, don irin waɗannan kwamfutocin ofis suna da nasu kalar soket a madabod, na kasuwa ba ya shiga sai da wayar haɗi.

GTX 1650 kuwa, wanda ya fito a Afrilun 2019 da ram ɗinsa na kansa mai giga 4, wat 75 ne iyakarsa, daidai abin da gurbin madabod yake iya bayarwa da kansa. Ka soka shi, ka rufe, ka mayar da wayar monita jikinsa, shi ke nan. Sai dai a lura, ba duka ne haka ba. Wasu kamfanonin sun yi nasu da soket mai rami shida a gefe, wanda dole sai an ba shi ƙarin wuta. Idan daga Kano ko Ikko za a aiko maka, ka sa a ɗauko maka hoton katin ta kowane gefe kafin a ba direba.

Ga lissafin da ya sa na tsaya a kansa. Furosesa 65, kati 75, sauran kayan ciki da monita su ƙara nasu, duka dai ana cikin wasa ba a cika wuce wat 200 ba. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200, a takarda wat 2,400 na awa guda yake riƙewa, kuma mai son batirinsa ya yi ƙarko ba ya shanye fiye da rabi. Ka ga 1,200 ke nan. Idan ka cire abin da inbatar kanta ke ci, kana da wajen awa biyar na wasa in kwamfutar ce kaɗai. To amma ba ita kaɗai ba ce, akwai fankoki, akwai ƙwayaye, akwai cajin wayoyi. Da babban kati na sa, da sai an zaɓa tsakanin gem da fankar ɗakin yara a daren bazara, kuma kowane magidanci ya san wanda zai yi nasara. Katin da ake iya kunnawa kullum a kan sola ya fi mini wanda sai an tayar da janareta, da tsadar man fetur ɗin nan.

A fagen wasa ya ba ni abin da na nema. eFootball, wanda da ake kira PES kuma yanzu kyauta ake saukarwa, yana tafiya sumul a matakin kyan hoto na 1080p, hotuna 60 a daƙiƙa, babu tsinkewa. GTA V ma haka, ko da an ɗaga saitin. EA Sports FC 24 ya fi nauyi. Mafi ƙarancin katin da masu gem ɗin suka nema shi ne GTX 1050 Ti, wanda 1650 ya fi shi, saboda haka yana buguwa da kyau a matsakaicin saiti, sai dai wani lokaci yakan ɗan ja idan ana nuna 'yan kallo ko murnar cin ƙwallo. Cikin wasa kansa ban ga abin da ya hana ni jin daɗi ba. Wannan gem ɗin giga 100 yake nema a faifai, kuma a wurinmu saukar da shi da sabunta shi da data wani kashe kuɗi ne mai zaman kansa da ya kamata mutum ya sa a lissafi tun farko.

Iyakarsa a fili take. Giga 4 ta fara yin kaɗan ga manyan wasannin da suka fito a 'yan shekarun nan. Wasu sai an sauke komai ƙasa, hoton ya dushe, wasu kuma ba su da daɗin bugawa ko an sauke. Ba shi da DLSS, fasahar da katunan RTX ke amfani da ita su ƙara sauri ba tare da hoton ya lalace sosai ba. Wanda burinsa sababbin wasannin harbi da na yawo a babbar duniya ne, wannan kati zai ƙure masa da wuri. Ni bal ce tawa, sai ɗan tuƙin mota.

Ba shi kuma da soket ɗin VGA, shuɗin nan mai kusoshi biyu. Yawancin monitocin hannu da ke kasuwarmu VGA ne da su, don haka ko ka nemi mai HDMI, ko ka sayi ɗan abin da ke juya HDMI zuwa VGA. Wannan rashin VGA ɗin ma hanya ce ta gane jabu. An daɗe ana sayar da tsofaffin katuna irin GTS 450 da aka sauya musu suna a ciki, kwamfuta ta riƙa nuna su a matsayin GTX 1050 Ti. Na gaske ba ya zuwa da VGA. Idan ka ga shuɗin soket a jikin katin da aka ce 1050 Ti ne ko 1650, ajiye shi. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna GPU-Z da ke tona asirin da yawa daga cikinsu. Ni a gaban mai gyaran da ya haɗa mini muka kunna ta, sannan muka bar gem yana tafiya har katin ya ɗauki zafi sosai, don katin da ya gaji a sanyi lafiya yake nunawa, sai ya yi zafi yake fara zane-zane a fuskar monita ko ya mutu.

Zafi da ƙura su ne jarrabawar gaske. Lokacin hunturu kwamfutar ba ta da matsalar zafi, amma ƙura tana shiga ta gaba ta kwanta a fankar furosesa da ta kati. Idan aka bar ta haka har bazara ta shigo, ƙurar nan ita ce za ta toshe iska daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Abin da nake yi shi ne in buɗe murfin in hure ta da bulowa a ƙarshen hunturu, ina riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Mai gyaran ya kuma goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa ya sa sabo. Ya ce mini, "Alhaji, kwamfutar da ta yi shekaru a ofishin Turai, man nata ya bushe ya zama ƙasa, in ba a canza ba fanka za ta yi ta ihu a banza." Gaskiyarsa, ƙarar ta ragu nan take. Na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora a tebur, na ba bayanta tazara da bango. Duk da haka, da tsakar ranar Afrilu, idan ɗakin ya ɗauki zafi, fankar katin tana tashi har ka ji ta daga ƙofa. Ba ta taɓa mutuwa a kaina ba, amma na hana a buga gem tsakanin azahar da la'asar a irin waɗannan watanni. Aikin Excel da buga takardu ba ya ɗaga mata hankali ko da wane lokaci ne.

Wutar gari kai tsaye ba na ba ta. Ta inbata take sha, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, saboda hawa da saukar da wutar ke yi ya fi ɗaukewar kanta illa ga fawa-fak. Wanda ba shi da inbata ya nemi UPS, na'ura mai batiri da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, ko aƙalla sitabilaiza. Mai sayen inbata don kwamfuta kuma ya tabbatar mai ba da tsabtatacciyar wuta ce irin ta gari, ba mai arhar nan da ke sa fanka gurnani ba.

Wani abu da ake mantawa wajen sayen irin waɗannan na hannu: daga kamfanoni da ofisoshin waje suke fitowa, wasunsu kuma an kulle musu BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, da lambar sirri. Kafin ka biya, ka sa a kunna a danna F2 a gabanka. Idan ta nemi lambar da mai shagon bai sani ba, nemi wata.

Ta fuskar kuɗi, cikin kayan ukun katin shi ya fi cin aljihu, ya kusa kama kuɗin kwamfutar kanta, SSD da ram kuma ba su kai rabinsa ba. Farashi yana bin dala, abin da na biya ba lalle ne ya yi maka amfani yau ba. Wanda zai saya yanzu, ya tambayi RTX 3050 mai giga 6, wanda ya fito a farkon 2024. Wat 70 yake sha, galibinsa ba ya neman ƙarin waya, yana da DLSS, kuma zai shiga wannan kwamfutar kamar yadda 1650 ya shiga. A kula kada a rikita shi da ɗan'uwansa mai giga 8, wannan yana buƙatar ƙarin wuta. Akwai kuma RX 6400 na AMD mai shan wat 53 kacal, sai dai an yi shi ne don sababbin madabod, a kan tsohon gurbi irin na 5060 yakan rasa wani ɓangare na saurinsa, don haka ban ba da shawararsa ga wannan injin ba. Idan tazarar kuɗi tsakanin 1650 na hannu da 3050 mai giga 6 ba ta da yawa, a ɗauki 3050 ɗin.