Wace na'urar sikanin ido za ka saya wa asibitinka?

Kumburin cikin ido yakan zo da abin da ke tare wa likita gani. Ruwan cikin ido ya yi duhu, ko tsakiyar baƙin ido ta manne ta ƙi buɗewa ko an ɗiga magani, ko yanar ido ta rufe. Sai haske ya kasa kaiwa bayan ido, a koma ga sauti.

Idan kuɗinka na na'ura ɗaya ne, sayi sikan na B, mai ɗaukar hoton cikin ido da sauti. Yawanci yana aiki da megahaz 10, ana ɗora kansa a kan fatar ido da ɗan jel, kuma yana ratsa yanar ido da jini ya nuna har bayan ido. Da shi za ka ga ɗigo-ɗigon kumburi a cikin ruwan, ka ga ko ratina (shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske) ta ɓanɓare, ka ga kaurin bangon ido. Idan farin ido ne ya kumbura ta baya, ruwan da ya taru kewaye da jijiyar gani yakan fito kamar harafin T, ga majinyaci yana ta kukan ciwo alhali gaban idon bai nuna komai ba. Ni da zan zaɓa, wadda ta haɗa da sikan na A zan ɗauka, domin da shi ake auna tsawon ido kafin aikin yana, aikin da ya fi kawo majinyata.

UBM, wata na'urar sauti wadda Charles Pavlin da Stuart Foster suka ƙirƙiro a Toronto, tana aiki da megahaz 35 zuwa 50. Hotonta tar yake, amma zurfinsa bai wuce kusan milimita 5 ba, don haka gaban ido da abin da ke bayan baƙin ido kaɗai take gani. Wannan kayan manyan cibiyoyi ne. Ƙaramin asibiti ya tura majinyaci can.

Dillalai za su tallata maka OCT, wata na'urar ɗaukar hoton ratina. Tana da kyau wajen nuna ruwa a tsakiyar ratina, sai dai da haske take aiki, idon da ya yi duhu ya fi ƙarfinta.

Ko wace ka saya, ba za ta gaya maka ko tarin fuka ne ko tunjere ya jawo kumburin ba. Wannan sai gwaji a ɗakin awo.

Kafin ka biya, ko ta kamfanin Quantel ce ko ta Sonomed, tambayi farashin sabon kai, don shi ne ke fara lalacewa in ya faɗi. Tambayi kuma wa zai gyara ta a nan gida, wa zai koya wa ma'aikatanka karanta hoton, da ko tana aiki da batir idan an ɗauke wuta.