Manhajar koyon bilakjak: lissafinta na gaskiya ne, tallanta ne abin tsoro

Ina koyar da lissafi a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram, kuma babu darasin da ɗalibai suke gudu kafin jarrabawar bak kamar lissafin yiwuwa. Buhun ƙwallaye ja da fari na cikin littafi ba ya jan hankalin kowa. Shi ya sa na sauke wata manhaja ta kyauta mai koyar da wasan kartar nan da ake kira bilakjak. Ba a sa kuɗi a cikinta, maki kawai take ƙirgawa. Caca haram ce, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta gama magana, kuma ba ci na je koya ba. So nake in ga yadda ake lissafa kason gidan caca, domin matasan da ke zama a fada suna shan shayi suna danna wasannin sa kuɗi a waya namu ne, wasunsu ma a ajina suke.

Ka'idar wasan gajera ce. Kana neman jimillar kartarka ta fi ta mai rabo, wato mai raba karta a madadin gidan caca, ba tare da ka wuce 21 ba. Masu hoton mutum duka 10 ne, as kuma 1 ko 11. Mai rabo ba shi da zaɓi: kartarsa ɗaya a buɗe take, kuma dole ya ja ƙarin karta har ya kai 17, sannan ya tsaya.

To ina gida yake samun riba, tunda daga tarin karta ɗaya ake raba wa kowa? Nan ne manhajar ta burge ni, don ba ta ɓoye amsar ba. Kai kake fara ja. In ka wuce 21 kuɗinka sun tafi nan take, ko da shi ma mai rabo ya wuce daga baya. Wanda ya kwaikwayi mai rabo ƙafa da ƙafa zai wuce 21 kusan sau 28 cikin 100, shi ma mai rabo haka. Ninka 0.28 da 0.28, ka samu kusan kashi 8 cikin 100 na hannuwan da ku biyu kuka ƙone amma gida ya kwashe. Akwai ɗan sauƙi guda: wanda kartarsa biyu na farko suka zama as da goma ana biyansa 3 a kan 2. Wannan ɗalibai suka lissafa da kansu a allo: 2 sau 4/52 sau 16/51, wato kashi 4.8, kusan hannu ɗaya cikin 21. Da wannan kason gida yake sauka zuwa wajen kashi 5.5.

Sauran saukar daga jadawalin dabara take zuwa, wanda ke gaya maka inda za ka ja, ka tsaya, ka ninka kuɗin da ka sa, ko ka raba karta biyu masu daraja ɗaya zuwa hannu biyu. Wasu sojojin Amurka huɗu, Baldwin da Cantey da Maisel da McDermott, su suka fitar da shi a 1956 da injin lissafi na tebur, sannan Edward Thorp ya tace shi da kwamfuta, ya buga littafinsa a 1962. Manhajar tana ba ka hannu, ka zaɓa, in ka kauce ta nuna maka lambobin zaɓin biyu gefe da gefe. Tana sa ka raba as biyu da takwas biyu kullum, ta hana ka raba goma biyu. Da 12 a hannu kana tsayawa in mai rabo ya nuna 4 ko 5 ko 6, saboda da 6 a sama yana ƙonewa wajen sau 42 cikin 100, amma kana ja in ya nuna 2 ko 3.

Hannun da ya fi daɗewa a allonmu shi ne 16 a gaban 10. In ka ja, iri 8 cikin 13 za su ƙona ka, daga shida zuwa sarki. In ka tsaya, sai mai rabo ya ƙone za ka ci, kuma hakan wajen sau 23 ne cikin 100. Ko ta wace hanya, wanda ya sa jika ɗaya, wato sefa 1,000, yana asarar kusan sefa 540 a matsakaici. Wani ɗalibi da ke zama a bencin baya ya ajiye biro ya ce, "Malam, to ina amfanin dabarar, in duka biyun faɗuwa ce?" Na ce masa aikinta ke nan, ta rage zubar jini, ba ta ɗinke raunin. Wanda ya haddace jadawalin kaf, bai yi kuskure ko ɗaya ba, a tebur mai ka'idoji masu sauƙi, har yanzu gida yana da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a kansa. Hannu 1,000 a kan jika ɗaya-ɗaya miliyan ɗaya ke nan ta ratsa tebur, jika 5 sun zama na gida.

Sashen canja ka'idoji ma ya yi kyau. In aka mai da biyan 3 a kan 2 zuwa 6 a kan 5, mai jika ɗaya zai karɓi sefa 1,200 maimakon 1,500, kason gida ya ƙaru da kusan kashi 1.4. Abin da suke kira inshora kuwa, wato sa kuɗi a kan cewa kartar mai rabo ta ɓoye goma ce in ya nuna as, ana biyan 2 a kan 1, alhali goma 16 ne cikin karta 51, bai kai ɗaya bisa uku ba.

Abin da ya ɓata min rai shi ne talla. Da zarar ka kunna intanet, tallan gidajen caca na gaske suke faɗowa tsakanin hannu da hannu, da alkawarin kyautar rajista. In ka ci sau uku a jere allo ya cika da taurari da kiɗa, in ka faɗi kuwa shiru. Zanen da ke nuna yadda maki ke zurarewa ƙasa bayan dubban hannuwa, wanda shi ne darasin duka, an cusa shi can cikin saituna. Ba ta da Hausa kuma, Faransancinta ma na inji ne.

Ga malamin lissafi ina ganin ta cancanci saukewa, a kashe intanet kafin a buɗe ta. A wayar ɗalibi kuwa ban yarda ba, kuma ban faɗa wa ajin sunanta ba. A tawa wayar nake buɗe ta, in kwafi lambobin zuwa allo da alli.