Ashe allon ne ba ya gani

Mako uku da sa yarona a makaranta a nan Ingila, aka kira ni daga ofis ina tsakiyar aiki, wai malamar ajinsu tana son ganina ranar Alhamis bayan an tashi. Gabana ya faɗi, don na san zancen, na sha jinsa a gida: yaron nan ba ya ja. Shekararsa takwas, amma layi ɗaya sai ya yi ta in'ina kafin ya kai ƙarshe. A Kano makarantar kuɗi muke kai shi, ba kuma mai araha ba, har an taɓa maimaita masa aji. Bencinsa kullum yana can ƙuryar baya, inda ake tara waɗanda aka fid da rai da su. Malaminsu ya taɓa ce mini a gaban iyaye, "Hajiya, wannan sai dai addu'a." A gida ma 'yan uwa suna ce masa daƙiƙi ina ji ina gani, kuma Allah ya yafe mini, ranar da ya ƙure ni ni ma nakan faɗa.

Na je da shirin ba da haƙuri. Malamar ta ba ni kujera, ta buɗe littafinsa ta nuna mini shafi biyu. Na farko duk haruffa sun hau juna, na biyu kuwa tsaf, kamar ba hannu ɗaya ya rubuta ba. Ta ce na farkon ya yi shi ne yana zaune a baya, yana leƙen littafin na kusa da shi. Na biyun kuma bayan ta dawo da shi gaban allo ne. Sau uku tana canza masa wuri a makon nan tana lura da yadda yake ƙanƙance ido. Sai ta tambaye ni ko an taɓa duba masa ido.

Na rasa inda zan sa kaina. Shekara takwas ina tare da ɗan da na haifa, na biya kuɗin lesin, na sayi bulala, na kai shi an yi masa rubutu ya sha, amma ban taɓa tunanin idonsa ba. Baƙuwa ta gano cikin mako uku, ba don ta fi ni sonsa ba, sai don aikinta ne ta tsaya a kan wanda aka bari a baya.

Ranar Asabar muka je shagon tabarau. A nan duk yaron da bai kai shekara 16 ba kyauta ake gwada masa ido, hukumar lafiya ce ke biya, kuma ana ba da takardar da ke ɗauke kuɗin tabarau masu sauƙin farashi. Ko kwabo ban fitar ba. Ranar da muka karɓo, muna tsaye a tashar bas, sai ya ja mini mayafi ya ce, "Umma, ashe ana ganin lambar mota tun daga nesa?" Har muka isa gida ban iya ce masa komai ba, hawaye kawai nake sharewa.

Akwai kuma maganar fom, wadda ita ma ta ba ni kunya. Matar da ke ofishin makarantar ta miƙo mini takardar neman abincin rana kyauta, na mayar mata da ita. Na ce mu ba bara muka zo yi ba. Baban yara karatu ya kawo shi, ni kuma ina ɗan aikina, hayar gida tana cinye rabin abin da ke shigowa, amma dai girman kai bai bar ni ba. Matar ba ta ji haushi ba. Ta ce in ba don kaina ba, in cike don makarantar, domin duk yaron da aka rubuta a wannan layi gwamnati tana ƙara wa makarantarsa kuɗi na musamman. Sunan tsarin Pupil Premium, an fara shi a 2011. A shekarar karatu ta 2024, fam 1,480 ne a kan kowane yaron firamare, fam 1,050 a kan na sakandare, kuma ko halin iyayen ya gyaru kuɗin yana bin yaron har shekara shida. Ba a hannun iyaye ake ba da shi ba. Makaranta ke kashewa, kuma wajibi ne ta wallafa a shafinta na intanet yadda ta kashe shi da abin da ya haifar. Tun 2022 ma aka buɗe ƙofar abincin ga 'ya'yan baƙi irinmu da bizarsu ta hana su tallafin gwamnati, matuƙar samunsu bai wuce wani ƙa'idajjen adadi ba.

Da irin wannan kuɗin ake biyan mataimakiyar malamar da ke ɗaukar ɗana kowace safiya, minti ashirin, su uku a wani ɗan tebur a bakin aji, tana koya musu sautin haruffa tun daga tushe. Ba a mayar da shi ajin ƙanana ba, don a nan shekaru ake bi wajen ba da aji, yana tare da sa'o'insa. A wurin cin abinci kuma ba mai sanin wa ya biya wa bai biya ba, layi ɗaya ne, faranti iri ɗaya. Kafin zangon ya ƙare ya karanta mini ɗan littafi daga bango zuwa bango.

Ku dubi yadda muka juya abin a gida. Mai ƙoƙari shi ne a gaba, shi ake tambaya, shi ake tafa wa, shi ake ba kyauta ranar rabon sakamako. Ɗan mai hali shi ke da lesin da littattafai. Wanda ya fi kowa buƙatar malami shi muke turawa nesa da malami, sannan mu kira matsayinsa a gaban taro, na arba'in da bakwai cikin arba'in da takwas, yara su yi masa ihu. Ranar da kuɗin makaranta ya makara kuwa, mai gadi ne zai tare shi a ƙofa. Wannan ba talaucin ƙasa ba ne, hali ne. Matsar da yaro gaban allo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Inda ake buƙatar kuɗin ma, tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don firamare da ƙaramar sakandare, amma shekara da shekaru ana jin biliyoyi na kwance a UBEC, hukumar da ke raba kuɗin, saboda jihohi sun ƙi kawo nasu kason su karɓa.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba da labari. Da duk wannan kuɗin, ƙididdigar masu bincikensu na nuna cewa kafin shekara 16 ɗan talaka yana bayan sa'o'insa da fiye da wata 18 na karatu, kuma bayan korona ratar ta ƙaru. Makarantar gwamnati mai kyau galibi sai wanda ke zaune kusa da ita, gidajen kusa da ita kuma sai mai kuɗi, don haka wariyar da suka kora ta ƙofa ta dawo musu ta hanyar haya. Akwai yaran da ke zuwa aji da yunwa a ƙasar nan. Sai da ɗan ƙwallon ƙafa Marcus Rashford, wanda shi ma da abincin makaranta ya tashi, ya tsaya kai da fata a 2020 kafin gwamnati ta yarda ta ci gaba da ciyar da su a lokacin hutu. Ga kuma takura. Na so mu zo bikin ƙanwata ana tsakiyar zango, aka nuna mini dokar tara, fam 80 a kan uwa, fam 80 a kan uba, ga kowane yaro. Na yi fushi ƙwarai, na kalli bikin a waya ina kuka. Daga baya na tuna yaran layinmu da ke tallan gyaɗa da ƙarfe goma na safe ba mai tambayar iyayensu, sai fushin ya ragu.

Kewar gida kuwa ba ta barina. Ina kewar sautin yaran Islamiyya da la'asar, da maƙwabciyar da za ta tsawata wa ɗanka kamar nata, da yaron da zai durƙusa ya gaishe ka. A nan sai mun shiga bas biyu ranar Lahadi kafin ya sami mai biya masa karatun Alƙur'ani. Amma in na tuna gida, akwai fuskar da ke hana ni barci. Yarinyar da aka kawo mana daga ƙauye tana taya ni aiki, ita ke rataya jakar ɗana ta raka shi har ƙofar makaranta, ta juyo ta hau wanke-wanke. Shekararta ba ta fi goma sha ɗaya ba. Shekara biyu tana gidana, ban taɓa tambayarta ko tana son ta shiga ƙofar nan ba. Da za mu taso aka mayar da ita, yanzu ina ta neman wanda zai haɗa ni da iyayenta.

Yayata tana koyarwa a firamaren gwamnati, aji uku, yara sun fi tamanin a gabanta, rabinsu a ƙasa. Na ba ta labarin nan duka, na ce, "Yaya, don Allah gobe ki rubuta haruffa a allo, ki sa 'yan baya su karanta ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kasa ki matso da shi ya sake gwadawa." Ta ce, "Ke kin ga ajin nawa kuwa?" Amma ta yi, kwana uku ta ɗauka. Ta kira ni daren Laraba muryarta a sanyaye, ta ce yara huɗu ne suka karanta da aka matso da su, ɗaya ma yarinya ce da ta sha dukanta a kan rashin kwafar aiki. Iyayensu ba su da kuɗin tabarau. Ta dai dawo da su layin farko, ni kuma na ce ta tambayo mini nawa ake gwada ido a asibiti.