Sharhi kan ajin ƙarin darasin kalkulas a Yelwa, Bauchi

Akwai wata cibiyar ƙarin darasi a unguwar Yelwa da ke karɓar ɗaliban shekarar farko na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, kuma a ganina ajinta na lissafi kan iyaka da ɗorewar fankshin ya cancanci kuɗin da ake biya. Fankshin ƙa'idar lissafi ce da ake saka mata lamba ta ba da amsa, wato ƙima; iyaka ita ce lambar da amsar ke kusanta; ɗorewa kuma ita ce zanen fankshin ya tafi ba yankewa.

Malamin ba ya fara da ƙa'ida. Yakan rubuta (x² − 1)/(x − 1) a allo, ya sa ɗalibai su saka 0.9 da 0.99 a madadin x, sannan 1.1 da 1.01, har su gani da idonsu cewa amsar tana kusantar 2, alhali a daidai x = 1 fankshin ɗin ba shi da ƙima ko kaɗan. Daga wannan ramin da rashin ƙimar ya bari a zanen fankshin ɗin ne yake fitar da sharuɗɗan ɗorewa guda uku: fankshin ya kasance yana da ƙima a wurin, iyakar hagu da ta dama (wato idan an kusanci wurin daga ƙasa da kuma daga sama) su zo ɗaya, kuma iyakar ta yi daidai da ƙimar. Wanda ya bi wannan hanya da wuya ya sake rikita iyaka da ƙima.

Inda ajin ya gaza shi ne ma'anar iyaka ta hanyar epsilon da delta (haruffan Girka biyu da ake auna kusanci da su), wadda masanin lissafi ɗan Jamus Weierstrass ya daidaita a ƙarni na 19. Ana ratsa ta da gaggawa, ga shi kuwa nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ɗakin ma ya yi ƙanƙanta, don haka mai son kujerar gaba sai ya zo da wuri.