Mastodon ko Bluesky: Abin Dubawa Kafin a Bar Facebook da X

Daga watan Maris na 2018 zuwa Yulin 2019 gwamnatin Chadi ta toshe Facebook da WhatsApp da Twitter (wanda yanzu ake kira X), sai mai VPN, wato manhajar da ke kewaye toshewa, kaɗai ke iya shiga. Toshewar ba ta yi wuya ba, domin kowannensu kamfani ɗaya ne mai ƙofa ɗaya. Dalili ke nan da ya sa ya dace mutumin Injamena ko Garwa ya san shafukan da ba su da mamallaki guda, waɗanda kuma kowa ke iya duba yadda aka gina manhajarsu.

Mastodon, wadda Eugen Rochko ya ƙirƙiro a Jamus a 2016, ta ginu ne a kan dubban sabobi (manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafi da bayanan masu amfani da shi) masu zaman kansu da ke musayar saƙo ta tsarin ActivityPub, saboda haka rufe ɗaya ba ya rufe sauran, kuma babu talla a cikinta. Sai dai kowace saba tana hannun mai kula da ita, galibi ɗan sa-kai, wanda in kuɗin riƙe ta ya gagare shi zai iya rufewa. Ana iya ƙaura da mabiya zuwa wata, amma tsofaffin rubuce-rubuce ba sa bin mutum. In kuma aka zage ka da Hausa ko Fulatanci, da wuya mai sauraren ƙorafin ya fahimci abin da aka faɗa.

Bluesky, da aka buɗe wa kowa a Fabrairun 2024, ta fi sauƙin rajista kuma ta yi kama da X, amma yawancin masu amfani da ita suna kan sabobin kamfanin Bluesky ne, don haka toshe ta ba zai yi wahala ba. Idan kuwa intanet ɗin gaba ɗaya aka katse, kamar yadda aka yi wa yankunan masu Turancin Ingilishi na Kamaru a 2017, babu wadda za ta yi aiki.

Mai sayar da atamfa a kasuwar Marwa, wadda ke ɗora hotunan kaya a WhatsApp ana biyan ta ta Orange Money, tsarin tura kuɗi ta waya, ba ta da dalilin ƙaura, domin masu sayenta ba sa can. Ɗan jarida ko ɗalibin Jami'ar Ngaundere shi ne, a ganina, zai amfana da Mastodon a matsayin shafi na biyu, muddin ya zaɓi sabar da ta daɗe tana aiki, mai karɓar Faransanci, ya kuma karanta dokokinta kafin ya yi rajista.