Wata huɗu ina tonon takardun gwamnatin Amurka a taskar FRUS

Da na fara digiri na biyu a fannin tarihi, kwas ɗin manufofin Amurka na ƙetare ne ya fi ba ni wuya. Littattafan da muke samu kaɗan ne, kuma kowane marubuci da inda ya karkata. Wata rana malaminmu ya ce, "Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi," ya rubuta mana history.state.gov a allo. Shafin sashen tarihi ne na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, inda aka zuba jerin kundayen da ake kira Foreign Relations of the United States, ko FRUS a taƙaice. An fara buga su tun 1861, zamanin Shugaba Linkon, yanzu sun haura 450. Babu rajista, babu biyan ko sisi.

A ciki akwai saƙonnin tangarahu na jakadu, da takardun fadar shugaban ƙasa, da bayanan tarurrukan sirri, har da na hukumar leƙen asiri ta CIA. Na fara da rikicin makamai masu linzami na Kyuba, tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat. Na karanta wasiƙar da Kurushef, shugaban Tarayyar Sobiyat, ya aika wa Kenedi, shugaban Amurka, ranar 26 ga Oktoban 1962, doguwa, mai cike da fargabar yaƙi. Washegari sai ga wata mai tsauri, yana neman a janye makaman Amurka daga Turkiyya. Ina zaune a tabarma da waya a hannu, wajen ƙarfe ɗaya na dare, sai da tsigar jikina ta tashi.

Inda na fi daɗewa shi ne takardun yaƙin basasar Najeriya, don a kansa nake rubuta kundina. Da can ina ɗauka "Amurka" baki ɗaya take magana. Ashe ba haka ba ne. A takardun 1969 za ka ga Shugaba Nikson yana tausaya wa Biyafara, Kisinja, mai ba shi shawara kan tsaro, yana jera masa zaɓi da abin da kowanne zai haifar, su kuma jami'an ma'aikatar harkokin waje sun tsaya kan kada a ɓata da gwamnatin Gowon a Legas. Maganar kayan agaji kaɗai ta ci shafuka masu yawa. Wannan ja-in-ja tsakanin ofisoshi shi ne babban abin da na ƙaru da shi, har ya sa na sake tsarin babi na biyu gaba ɗaya.

Wani abokina ya tambaye ni, ta yaya za a yarda da gwamnati ta ba da labarin kanta? Tambaya ce mai kyau, kuma tarihin kundayen ya taɓo ta. Wanda aka fitar a 1989 kan Iran bai ambaci hannun CIA a kifar da Musaddaƙ, firaministan ƙasar, a 1953 ba. Masana tarihi suka yi ca, majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 1991 cewa dole kundayen su zama cikakku, a kuma fitar da su cikin shekara 30 da faruwar al'amuran. A 2017 aka saki sabon kundin Iran ɗin. Inda aka cire wani layi, ana rubutawa cewa an cire, wani lokaci har da adadin layukan. Wannan ya ƙara mini natsuwa, ko da yake ina haɗawa da rubuce-rubucen 'yan Najeriya da suka ga yaƙin da idonsu.

Ga mai shirin shiga: Turancin diflomasiyya ne, sai da haƙuri, kuma gajerun sunayen ofisoshi sun yi yawa. Kowane kundi yana da jerin sunayen mutane da ma'anar gajerun kalmomi a farkonsa. Ni sai da na kwafe su a littafi na ajiye a gefe. Da yawa daga kundayen ana iya sauke su a waya, don haka nakan sauke idan na sami intanet mai ƙarfi a makaranta, in karanta a gida ba tare da na ƙona data ba.