Tarkon tururi mai faifai a kan layin baƙin mai: abin da na gani cikin wata takwas

Na ba da odar tarkunan tururi masu faifai guda 24 domin bututun rakiya da ke ɗumama layin baƙin man da muke turawa daga tanki zuwa tukunyar tururi, kuma na daɗe ina ɗage rubuta wannan sharhi saboda ban so in rubuta shi alhali raina yana ɓace. Duk wanda ya yi aiki da baƙin mai ya san cewa idan zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 50 na Salshiyas sai ya fara yin kauri, famfo ya riƙa nishi, shi ya sa muke ɗaura bututun rakiya, wato siririn bututun jan ƙarfe mai milimita 12, a jikin babban bututun, a ƙarƙashin rufin tare zafi, muna ba shi tururi mai matsi bar 3.5, wanda zafinsa yake kusan digiri 148. Aikin tarko a ƙarshen kowane bututun rakiya ɗaya ne: ya fitar da ruwan da tururi ya koma, ya hana tururin kansa wucewa.

Gaskiya ce ba zan ɓoye ba, a watannin farko na ji daɗinsu ƙwarai. Ƙanana ne, ba su da nauyi, an yi su da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma abin da ke motsi a cikinsu faifai ɗaya ne tak. Kunne kaɗai ya isa a gane lafiyarsu, domin tarkon zai yi tsaki ya fitar da ruwa, ya rufe da ƙara, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sake. Har na yaba wa wakilin da ya sayar mana a gaban shugabana, abin da har yau nake jin kunyarsa idan na tuna.

Daren da komai ya lalace ana tsuga ruwan sama da iska mai ƙarfi, kuma mafi yawan tarkunan a waje suke, a kan gadar bututu. Wajen ƙarfe 2 da rabi ma'aikacin dare ya kira ni yana cewa, "Oga, wutar tukunya ta mutu sau biyu, famfon mai kuma yana wani irin kuka." Da na iso, tun daga bakin ƙofa na ji tarkunan suna tatata babu tsayawa, wanda ya saba rufewa ya huta sai ga shi yana buɗewa yana rufewa kusan kowace daƙiƙa, wasu kuma sun daina rufewa gaba ɗaya, tururi kawai suke hurawa cikin layin mayar da ruwa. Na ɗora ma'aunin zafi a kan bututun man da ke can ƙarshen layi, na ga ya sauka ƙasa da digiri 40. Gejin da ke gaban famfo yana rawa, matatar mai ta toshe da mai mai kauri, mu kuma muna tsaye cikin ruwa da tocila muna buɗe bawul na gefe da hannu, muna zubar da ruwan tururi ƙasa domin zafi ya dawo. Sai bayan gari ya waye wuta ta kama ta zauna, kuma duk sashen da ke jiran tururinmu ya yi asarar rabin yini.

Na kwana biyu ina bin layin kafin na fahimci yadda abin ya faru, kuma a nan ne fushina ya samo asali. Faifan irin wannan tarko yana rufewa ne saboda ɗan tururin da ke makalewa a samansa, a cikin hular tarkon, yana danne shi ƙasa. Idan wannan tururin ya huce ya zama ruwa sai faifan ya ɗaga. Ruwan sama da ke dukan hular yana sanyaya ta nan take, saboda haka tarkon ya riƙa buɗewa tun ruwa bai taru ba, yana sakin tururin da bai koma ruwa ba. Wannan tururin ya cika layin mayar da ruwa, wanda dama sai ya hau tsayin kusan mita 10 kafin ya kai tankin ruwa, kuma tsayin mita 10 na ruwa shi kaɗai kusan bar 1 ne na matsi. Tarko mai faifai ba ya iya rufewa yadda ya kamata idan matsin da ke bayansa ya haura kusan kashi 80 cikin 100 na matsin da ke gabansa. A bututun rakiya masu nisa, tururin da ya taso da bar 3.5 yana isowa bakin tarko da ƙasa da haka sosai, don haka tazarar da muke da ita ƙarama ce tun farko. Kowane tarko da ya gaza rufewa yana ƙara wa na kusa da shi matsi, shi ma ya gaza, har tururin ya daina kai wa ƙarshen layi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wakilin bai taɓa tambayata ina ruwan yake komawa ba, bai tambayi ko tarkunan za su zauna a fili ba, bai kuma faɗa mini cewa akwai murfin kariya da ake sa wa hular domin ruwa da iska ba, alhali yana cikin kundin kayansu. Abin da ya ce mini a lokacin shi ne, "Injiniya, wannan ko'ina ka sa shi zai yi." Da na kira shi bayan abin ya faru, sai da aka shafe kwana 11 kafin ya aiko da wani, wanda ya zo ya duba ya ce mu sayi murafen. Wato abin da ya kamata ya zo tare da kaya tun ranar farko, shi ake so in sake neman izinin kuɗinsa.

Sai dai adalci ya sa dole in faɗi nawa laifin. A wurare uku mun haɗa bututun rakiya biyu a kan tarko ɗaya domin rage aiki, kuma wannan kuskure ne da na sani tun ina ƙaramin ma'aikaci: gajeren bututun yana kawo tururi ya rufe tarkon, dogon kuma ya cika da ruwa ya huce. A wani wurin kuma mai aikin ya zagaya bawul da bututun rakiya sama da ƙasa har ya yi aljihunan da ruwa ke kwanciya. Waɗannan ba laifin tarko ba ne, kuma da muka raba su, muka sa murafen, muka rage tsawon wasu layukan, yawancin tarkunan sun koma aiki lafiya lau. Na kai matsayin da na ce a raina kayan ba su da aibi, shawarar da aka ba ni ce ta yi rauni.

Amma wata shida da ɗaurawa na buɗe guda biyar da suka ci gaba da yoyo, sai na tarar saurin bugun da suka sha ya cinye fuskar faifan da mazauninsa. Faifai ana canza shi cikin minti kaɗan, amma a wannan samfurin mazaunin a jikin tarkon yake, ba a cire shi, don haka ko dai a zauna a goge shi ya koma sumul ko a yar da tarkon gaba ɗaya. Ƙaramar rariyar da ke ciki ma ba ta da bawul na wankewa, sai an kashe layi an kwance da sifana duk lokacin da tsatsa ta taru. Wannan ya dawo mini da ɓacin ran da na ɗauka ya wuce.

Layuka shida mafi nisa yanzu na mayar da su kan tarko mai kwanso, irin wanda ke aiki da bambancin zafi, yana riƙe ruwa har ya ɗan huce ƙasa da zafin tururi kafin ya sake shi, kuma matsin baya bai dame shi kamar mai faifai ba, ga shi yana fitar da iska da sauri idan an tayar da layi daga sanyi. Baƙin mai yana jure wannan ɗan jinkirin, ko da yake ba zan yi gangancin sa shi a layin ƙibiritu narkakke ba, wanda ke daskarewa a wajen digiri 115. Sauran 18 masu faifai suna nan a kusa da tukunya inda matsi yake da ƙarfi, ina kuma bi ina sauraron su kowane mako. Oda ta gaba ba ta hannun wannan wakilin za ta bi ba.